Muryar Baba Ta Maƙale a Kwamfuta

YAYA: Alo? Alo, Auta?

AUTA: Na'am Yaya, ina jin ki. Ina kwana?

YAYA: Lafiya lau. Ka tashi lafiya?

AUTA: Lafiya ƙalau. Ya gida, ya yara?

YAYA: Duk lafiya. Ya aiki?

AUTA: Da godiya. Ya maigidan?

YAYA: Ya fita tun safe. Ya amaryar tamu, kumburin ƙafar ya sace?

AUTA: Da sauƙi sosai, tana gaishe ki. Ya ɗinki?

YAYA: Ɗinki sai godiya. Kai, wane irin ƙugi ne wannan a bayanka, kamar kana cikin injin niƙa?

AUTA: Ɗakin injunan ofis nake, fankoki ne. Bari in fito baranda. Yauwa. Yanzu fa?

YAYA: Yanzu na ji ka. Ya gajiya?

AUTA: Yaya, kin gaishe ni har sau nawa ke nan. Ya jikin Baba? Sun tafi asibitin?

YAYA: Sun tafi. Yaya Babba ya zo da mota ya ɗauke shi ɗazu. Sun ce da an gama gwaje-gwaje za a shiga da shi aikin, yau ɗin dai.

AUTA: Allah ya sa a yi a sa'a. Ni wallahi jikina ne kawai a nan. Na roƙi ogana har na gaji, ya ce sai ƙarshen mako. Ke ba ki bi su ba?

YAYA: Zan bi su.

AUTA: Me ya tsayar da ke?

YAYA: Auta, na yi ɓarna.

AUTA: Subhanallahi. Ɓarnar me?

YAYA: Ka san dai abin da likita ya ce. In aka cire abin nan na maƙogwaro, muryar Baba ta tafi ke nan, ba za ta dawo ba.

AUTA: Na sani.

YAYA: To yau da safe ya idar da salla, yana zaune a bakin gado, sai ya yafito ni. Ya ce ina abin ɗaukar maganar nan da Auta ya sa miki a kwamfuta, wanda kike yi wa masu ɗinki talla da shi? Na ce ga shi. Ya ce kawo. Na ɗora kwamfutar a kan kujera, na kafa masa makirfo dab da baki, don ka san muryar ta koma raɗa. Auta, Baba ya yi magana. Ya daɗe yana yi. Yana yi yana kurɓar ruwan ɗumi, yana tari, yana ci gaba. Da ƙyar na raba shi da ita da Yaya Babba ya yi ta hon a waje.

AUTA: Allahu akbar. To ina ɓarnar? Ai wannan...

YAYA: Tsaya mana. Da suka fita na zo na danna inda ake tsayarwa, sai abin ya daskare. Fuskar ta yi fari-fari kamar an zuba mata madara, wani ɗan zobe yana ta juyi. Ban ajiye ba, Auta. Ban kai ga ajiyewa ba!

AUTA: Kar ki kashe ta!

YAYA: Ai na ce ko in danne maɓallin wutar ta huta kaɗan...

AUTA: Yaya, don girman Allah ɗauke hannunki daga wurin. Kin ɗauke?

YAYA: Na ɗauke. Kar ka yi mini tsawa.

AUTA: Yi haƙuri. Tana jikin caji?

YAYA: Tana jiki. Ka san batirin nan nata ba ya riƙe komai.

AUTA: To ki kula kar wani ya taka wayar. Shafa wurin yatsa ki gani, kibiyar tana motsi?

YAYA: Me ke motsi?

AUTA: Kibiya! 'Yar kibiyar nan ta kan allo.

YAYA: Af, tana motsi. Ga ta can, ga ta nan.

AUTA: Alhamdulillahi. To kwamfutar lafiyarta lau, manhajar ɗaukar sautin ce kawai ta tsaya. Ita ma ba lallai duka ta tsaya ba.

YAYA: Kamar yaya ba duka ba? Ga ta ina kallo, ko gezau. Har ta rubuta a sama da Turanci wai ba ta amsawa.

AUTA: Ki ɗauka shagonki ne. Kina da yarinya a bakin kanta mai amsa wa mutane, kina da wata a ciki a kan keke. Shago ɗaya ne, kaya ɗaya suke taɓawa, amma kowa da aikinta. Manhaja ma haka take, akwai ma'aikata a cikinta. Mu zare muke ce musu.

YAYA: Zare kuma? Har ku ma?

AUTA: Har mu. Ɗaya ita ke kula da fuskar da kike gani, ɗaya kuma ita ke kwashe sautin daga ƙwaƙwalwa tana rubuta shi a ma'ajiya. Ta bakin kantar ta shiga ciki ta tsaya a kan ta keken tana jira ta gama, shi ya sa kike sallama ba a amsawa. Amma mai yiwuwa ana can ana ɗinki.

YAYA: Mai yiwuwa?

AUTA: Yanzu za mu gani. Kin tuna maɓallai ukun nan da na nuna miki, waɗanda ake dannawa tare?

YAYA: Na gefen hagu?

AUTA: Su. Danna.

YAYA: Da waya a kunne? Bari in maƙale ta a kafaɗa... Auta? Na ji ka yi nisa.

AUTA: Ina nan. Oga, ina zuwa, minti kaɗan! Yi haƙuri Yaya, da ogana nake. Me ya fito?

YAYA: Wata taga ta buɗe. Kai! Sunaye ne rututu, lambobi sai canzawa suke yi. Duk waɗannan mene ne?

AUTA: Duk abin da ke aiki a cikinta ne yanzu haka.

YAYA: Ni fa abu ɗaya na kunna.

AUTA: Haka kike gani. Karanto mini na sama-sama.

YAYA: Ga mai shiga intanet. Ga shi kuma. Ga shi kuma! Me ya sa ya cika wurin haka?

AUTA: Shafi nawa kika bari a buɗe?

YAYA: 'Yan samfurin ɗinki ne kawai da nake dubawa.

AUTA: Tun yaushe?

YAYA: Tun... ai ban rufewa, kar in neme su in rasa.

AUTA: To kowane shafi shago ne mai zaman kansa, da ɗakin ajiyarsa, kuma kowanne yana neman rabonsa. Sai me kuma?

YAYA: Ga mai garkuwar nan, mai kama ƙwayar cuta. Lambarsa ta fi ta kowa.

AUTA: Shi ke nan, ga ɓarawon. Ya zaɓi yau ya bincike ma'ajiyar kaf. Duba ƙasa, kin ga ta sautin?

YAYA: Na gan ta. Lambarta 'yar ƙarama ce, amma tana motsi. Tana hawa tana sauka.

AUTA: Tana motsi? Wallahi?

YAYA: Wallahi tana motsi.

AUTA: To tana da rai, Yaya. Ana rubutawa. Layi ne kawai ya yi mata tsawo.

YAYA: Wane layi kuma? Ni na zaci kwamfuta komai a tare take yi, ai shi ya sa ake yabon ta.

AUTA: Ido take rufe mana. Kekunan ɗinki kaɗan ne a cikinta, masu jira kuwa sun fi ɗari. Akwai babbar manhaja da ke shugabantar su duka, ita ke cewa kai hau, kai sauka, kai hau. Kowa ɗan ƙiftawar ido yake samu a sauke shi a ɗora wani. Saboda saurin ne kike ganin kamar duk tare suke tafiya. Ƙofar ma'ajiyar kuma ɗaya ce, mai garkuwar nan ya tsaya ya cika ta, muryar Baba sai ta raɓa take shiga.

YAYA: To a kore shi mana! Wa ya aike shi?

AUTA: Korar sa za mu yi. Fara da shafukan ɗinkin. Kar ki taɓa tagar sautin, ki je can ƙasa ki buɗe mai intanet ki rufe shi gaba ɗaya.

YAYA: Duka? Akwai wata riga mai hannun...

AUTA: Yaya!

YAYA: Na rufe, na rufe. Allah ya sa in sake samun ta.

AUTA: Yanzu mai garkuwar. Buɗe shi, za ki ga inda aka ce a tsayar da bincike.

YAYA: Tsaya, ana buga ƙofa. Waye? Hajiya, don Allah ki dawo da yamma, wallahi ban haɗa ba, muna da mara lafiya! To, na gode! Auta, kana nan?

AUTA: Ina nan. Kin tsayar?

YAYA: Na tsayar. Kai, ka ji fankar kwamfutar ta yi shiru? Tun safe take huci.

AUTA: Yauwa. Koma ki dubi lambar ta sautin.

YAYA: Ta yi sama! Ta yi sama sosai.

AUTA: To an sakar mata hanya. Yanzu sai haƙuri kawai. Zauna ki naɗe hannu, kar ki taɓa komai, da kanta za ta farfaɗo ki ajiye.

YAYA: Alhamdulillahi. Ka san me Baba ya faɗa? Da Mama ya fara, Allah ya ji ƙanta. Yadda ya fara ganin ta, wai ta zo sayen allura ta raina masa canji. Ni ban taɓa jin labarin nan ba. Sai ya zo kan Yaya Babba, ya ce ya rage zafin rai, ya daina yi wa yara magana kamar yana ba sojoji umarni. Na yi dariya har sai da ya harare ni.

AUTA: Allah sarki Baba.

YAYA: Ni da na ga abin ya ƙi, har na fara kuka. Na yi ta danna alamar rufewa ko zai rufu in sake buɗewa, ko motsi bai yi ba.

AUTA: Kin yi ta danna me?

YAYA: Alamar rufewa, ta can saman kwana.

AUTA: Ta manhajar sautin?

YAYA: E mana. Ai bai ji ba.

AUTA: Sau nawa?

YAYA: Na sani? Da yawa dai.

AUTA: Sai me kuma kika danna?

YAYA: Babban maɓallin nan na dama. Da dogon na ƙasa. Da masu kibiya. Ka san ni in keke ya cije, jijjiga shi nake yi gaba da baya har ya saki.

AUTA: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

YAYA: Mene ne? Ka ce fa ba ta ji!

AUTA: Ba ta amsa ba na ce, ban ce ba ta ji ba. Duk abin da kika danna ba ya faɗuwa ƙasa, Yaya. Babbar manhajar tana karɓa tana jera mata a bakin kanta, ɗaya bayan ɗaya. Da ta ciki ta gama, ta kantar za ta fito ta bi su a jere ta aikata. Na farko, rufe. Za ta tambaya, a ajiye ko kar a ajiye? Kafin ki buɗe baki, sauran danne-dannen naki sun ba ta amsa.

YAYA: Wace amsa?

AUTA: Wa ya sani? In ya faɗa kan a ajiye, mun tsira. In ya faɗa kan kar a ajiye, za ta share abin da ta rubuta ta yi tafiyarta.

YAYA: Na shiga uku! To ai mu muka sakar mata hanya ta yi sauri!

AUTA: Ni na sa ki. Da na tambaye ki tun farko.

YAYA: In mayar da shafukan ɗinkin? In sake kunna mai garkuwar ya tare ƙofar?

AUTA: Babu lokaci. Ji nan, akwai yadda ake ce wa babbar manhajar ta daina ba wani layi kwata-kwata. Ba kashewa ba ne, dakatarwa ce, zai tsaya cak yadda yake. A tagar sunayen nan, can ƙasa, akwai wani rubutu mai shuɗi, danna shi. Wata taga za ta... Yaya? Alo?

YAYA: ...ba na... ka... Auta!

AUTA: Alo! Matsa kusa da taga!

YAYA: In matsa in bar kwamfutar? Yauwa, ka dawo. Na danna shuɗin, wata ta buɗe, ita ma sunaye ne.

AUTA: Nemo ta sautin. Ɗora kibiya a kanta ki danna ɓangaren dama.

YAYA: Na danna. Ga wasu 'yan layuka sun fito.

AUTA: Kar ki taɓa na sama! Na sama kisa ne, in kika taɓa shi komai ya tafi. Sauko ƙasa, wanda ke nufin dakatarwa.

YAYA: Na kusa da na ƙarshe?

AUTA: Karanto mini harafin farko... Shi ne. Danna.

YAYA: Yana tambaya wai na tabbata.

AUTA: Kin tabbata!

YAYA: Bismillahi. Na danna. Sunan ya canza kala. Lambar ta koma sifili, Auta, ta mutu!

AUTA: Ba ta mutu ba, barci take yi. Wash.

YAYA: To yanzu sai me?

AUTA: Kina da filashi a kusa?

YAYA: Akwai na maigidan a aljihun tebur. Ga shi. Na soka.

AUTA: Buɗe foldar sauti. A ciki akwai wata folda da manhajar ke zuba aikin da ba a gama ba. Za ki ga fayil mai suna barkatai, haruffa da lambobi, mai kwanan watan yau.

YAYA: Na gan shi. Ƙato ne.

AUTA: Kwafe shi ki kai filashin. Kwafa na ce fa, kar ki yanke.

YAYA: Na sani, ba yau na fara ba. Yana tafiya... koren yana cika... Auta, in tana barci wa ke yin wannan aikin?

AUTA: Wannan wani shagon ne daban, babu ruwansa da ita.

YAYA: Ya gama.

AUTA: Buɗe na cikin filashin da abin jin waƙa, mu ji ko ya kamu.

YAYA: Tsaya... Wayyo Allah. Auta, ga shi! Ga Baba! Bari in kara maka wayar. Ka ji?

AUTA: Na ji tari... na ji ya ce bismillahi. Shi ne. Wallahi shi ne.

YAYA: Alhamdulillahi, alhamdulillahi! Allah ya yi maka albarka, Auta. Kai, yau da na kashe ta da ban yafe wa kaina ba har in mutu.

AUTA: Ja shi can ƙarshe ki ji inda ya tsaya. Mun katse ta tana cikin rubutu, dole akwai saura.

YAYA: Bari in ja. Nan yana kan Yaya Babba... nan ni ce, yana cewa in rage karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfina... nan jikoki, yana kiran su ɗaya-ɗaya... nan kuma...

AUTA: Nan kuma me?

YAYA: Ya ƙare.

AUTA: A ina ya ƙare?

YAYA: Auta...

AUTA: Kunna mini wurin.

YAYA: To saurara. Ka ji?

AUTA: Ban ji sosai ba. Me ya ce?

YAYA: Cewa ya yi, to saura Auta. Shi ke nan, sai ya yanke. Ka san bi da bi ya yi mu, daga babba zuwa ƙarami.

AUTA: Nawa ne ke nan bai shiga ba.

YAYA: Naka ne.

AUTA: Yana nan a ƙwaƙwalwarta. Bai ɓace ba, ba a dai rubuta shi ba ne.

YAYA: To mu bar ta haka tana barcin. Ba mai shiga ɗakin, zan kulle in tafi da makulli. In ka zo ƙarshen mako ka zauna a gabanta da hannunka, ka san dabarar da za ka yi.

AUTA: In wuta ta ɗauke fa? Ke kika ce batirin ba ya riƙewa. Abin da ke ƙwaƙwalwa da wuta yake zaune, tana ɗaukewa ya bi ta.

YAYA: Sai in sa maigidan ya aro mana batirin mota ko wani abu. Ko ka turo wani abokin aikinka na nan kusa. Ai ba a rasa ba.

AUTA: A'a, ji nan. Abu ne mai sauƙi. Ki tashe ta, ta ɗan ƙara rubutu, ki sake dakatar da ita, mu kwafe. Kaɗan-kaɗan har mu kwashe.

YAYA: In ta riga ni fa?

AUTA: Ba za ta riga ki ba. Kin ga yadda ta daɗe kafin ta kawo nan.

YAYA: Da can ai da masu tare mata hanya. Kai ka ce yanzu ita kaɗai ce a layin.

AUTA: Yaya, aikina ne fa. Kullum abin da nake yi ke nan.

YAYA: Kai da ka ce in zauna in naɗe hannu? Ni dai raina bai kwanta ba. Ka yi haƙuri zuwa ƙarshen makon mana.

AUTA: Ba zan iya ba. Wallahi ba zan iya ba. Ku duk kun ji naku. Ni ina nan cikin fankoki, za a shiga da shi ban gan shi ba, kuma ki ce in kwana in tashi, in kwana in tashi, ban san me ya ce mini ba? Don Allah, Yaya.

YAYA: To. Allah ya sa alheri. Faɗa mini.

AUTA: Inda kika danna ɗazu. Yanzu zai nuna a ci gaba. Kina dannawa, kar ki ɗauke kibiyar daga kan sunan. Da na ce tsayar, ki tsayar.

YAYA: Na ɗora. Bismillahi. Na danna. Lambar ta tashi... kai, ta yi sama da yawa!

AUTA: Bar ta kaɗan. Kaɗan... To tsayar!

YAYA: Sunan ya gudu! Ya hau sama, wani ne a ƙarƙashin kibiyar!

AUTA: Bi shi! Kar ki danna wani! Tsayar, Yaya!

YAYA: Ina bi... farin ya washe, Auta, ta farka! Wani ɗan akwati ya fito, ya ɓace, wani ya sake... Wayyo!

AUTA: Me ya faru? Yaya! Me kike gani?

YAYA: Ta rufe.

AUTA: Sunan fa?

YAYA: Babu shi a jerin.

AUTA: Duba foldar sauti, ko ta ajiye da kanta. Duba sabon fayil.

YAYA: Babu sabo. Tallan ɗinkina ne kawai na da.

AUTA: Ta cikin fa? Mai suna barkatai?

YAYA: Wayam. Ba komai a ciki.

AUTA: Kwandon shara?

YAYA: Na duba. Babu.

AUTA: Ta share ke nan.

YAYA: Na filashin yana nan, ban taɓa shi ba.

AUTA: Zare shi ki sa a jaka. Kwamfutar kuma kar ki ƙara ajiye komai a kanta.

YAYA: Za ka iya dawo da shi in ka zo?

AUTA: Ban sani ba. Irin taki in ta share, sharewa take yi.

YAYA: Laifina ne, da ban yi ta danne-dannen nan ba...

AUTA: Kin ce in bari, na ƙi. Shi ke nan. Faɗa mini kawai. Kina wurin ai, me ya ce? Ko ba daidai-daidai ba, yadda kika tuna.

YAYA: Ba na wurin.

AUTA: Kamar yaya?

YAYA: Yana cewa saura Auta, sai ya yi mini nuni da ƙofa. Ya ce in fita in ja musu ita, shi da kai ne.

AUTA: Ba ki tsaya a bakin ƙofar ba? Ko kalma ɗaya?

YAYA: Kicin na tafi ɗumama masa ruwa. Kuma ko na tsaya me zan ji, mutumin da raɗa yake yi? Na dai san ya daɗe. Naka ya fi na kowa tsawo, har ruwan ya huce na sake ɗorawa. Da na shigo na same shi yana goge ido da hannun riga, yana murmushi. Na ce Baba lafiya? Ya ce Auta zai ji.

AUTA: Ya Allah.

YAYA: Ka yi haƙuri. In ya warke sai ya...

AUTA: Ya me? Baban da hannunsa ba ya riƙe cokali, shi zai riƙe biro? Sun shiga da shi?

YAYA: Ban sani ba, tun da suka tafi ina kan kwamfutar nan.

AUTA: Ajiye wayar. Yaya Babba zan kira ya kara masa a baki.

YAYA: Auta, muryar ta ƙare fa, a nan ya zazzage ta duka. Ko sallamar da ya yi mini a mota da hannu ya yi. A waya ba abin da za ka...

AUTA: Ko numfashi ne ya yi, zan saurara. Ajiye, Yaya.

YAYA: To bari in kira maka shi ta nan, in ya ɗauka sai...

AUTA: Ki ajiye!

YAYA: Auta, tsaya ka ji... Alo? Auta?